Babi na 7: Fiffiken da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Idan hantsi ya dubi ludayi, Tafkin Garda na ƙasar Italiya yakan yi lamo. Iskar arewa da mutanen wurin ke kira Peler, wadda ta kwana tana gangarowa ta tsakanin duwatsu, ta gaji ta kwanta. Ta kudu kuma, Ora, ba ta iso ba tukuna. A wannan 'yar tazara ce ciyawar bakin tafkin a garin Torbole take cika da mutane, kowa durƙushe gaban kayansa, ba ka jin komai sai ƙarar filafilai ana warware su da ƙyas-ƙyas ɗin ƙarfe a kan noti. Iskokin nan biyu sun daɗe suna wannan karɓa-karɓa. Marubucin Jamus Goethe ya sauka a Torbole a shekarar 1786, kuma tun a lokacin ya lura cewa mai son gangarawa kudu da jirgi sai ya yi sammako ya bi iskar dare kafin ta juya.

Na zo wannan gaɓa da ɗan sanin da nake da shi na tuƙa allo mai filafili: tsayuwa a kan allo, janyo filafili daga ruwa, karkata shi ya kama iska. Na saba da allon da ke gudu a fuskar ruwa yana dukanta fat-fat-fat har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Ranar farko, da Ora ta fara shigowa, ruwa ya ɗan yi duhu daga kudu, sai na ga wata mata da furfura a kanta ta fizgi filafilinta sau uku ko huɗu, allon ya ɗaga hanci kaɗan, ya rabu da ruwa. Ta wuce ta gabana tana shawagi kamar kamu ɗaya a sama, babu fantsama, babu ƙara, sai wani siririn fito da ke biye da ita. Iskar da ta ɗauke ta ba ta kai ta motsa tsohon allona daga tafiyar hawainiya ba.

Abin da ke ɗauke da ita ba ya ganuwa daga gaɓa. Fiffike ne a nutse cikin ruwa, wanda masu harkar suke kira foyil. Dabarar tsohuwa ce, kuma a nan Italiya aka fara gwada ta da gaske: a 1906 injiniya Enrico Forlanini ya tuƙa wani jirgi mai inji a Tafkin Maggiore, da fikafikai jere kamar matakalar tsani a ƙarƙashinsa. A 1919 Alexander Graham Bell, wanda duniya ta fi sani da tarho, shi da abokin aikinsa Casey Baldwin suka kai gudun kilomita 114 cikin sa'a a Kanada da jirginsu mai suna HD-4. Shi kuwa allo mai filafili daga baya ya zo. Jim Drake da Hoyle Schweitzer na Kalifoniya sun nemi rajistar ƙirarsu a 1968, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Los Angeles a 1984. Haɗa dabarun biyu bai yaɗu ba har sai da zaren kabon ya wadata, aka iya ƙera fiffike mai ƙwari marar nauyi. A 2019 hukumar tseren jiragen iska ta duniya ta kawo nau'o'in alluna nan Torbole ta gwada su, ta zaɓi mai fiffike da ake kira iQFOiL. Da shi aka yi tseren Olamfik na 2024 a Marseille, inda 'yar Italiya Marta Maggetti ta ci zinariya a ɓangaren mata.

Ka ɗauki foyil a hannu, za ka ga ƙaramin jirgin sama ne da aka dasa wa doguwar ƙafa. Ƙafar ce take haɗa shi da cikin allo, tsawonta daga santimita 60 zuwa 95, siririya kamar takobi. A ƙarshenta akwai sanda kwance, ita ce kashin bayan, tsawonta wajen mita ɗaya. Babban fiffike yana gabanta, ƙarami yana wutsiya. Na gaban ne mai ɗagawa. Na bayan aikinsa ya hana hancin allo yin sama da ƙasa yadda ya ga dama. Mutum yakan yi mamakin yadda fiffiken da bai kai mita ɗaya a tsawo ba, faɗinsa kuma bai wuce ɗani guda ba, zai ɗauki ƙato da allonsa da filafilinsa, nauyin da ya haura kilo 100. Dalilin shi ne ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Abin da jirgin sama yake nema da makeken fiffike da gudun fitar hankali, a cikin ruwa ɗan wannan yana samar da shi da gudun keke.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna a kan duk mai son wannan wasa, domin kusan kowace faɗuwa daga gare shi take fitowa. Idan gudunka ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke ɗaga ka sau huɗu yake ninkawa. Wato iska ta ɗan ƙara bugowa, allon ya ɗan ƙara sauri, sai ka ji ana turo ka sama da ƙarfin da ba ka shirya masa ba. In ba ka danna ƙafar gaba ba, fiffiken zai taso har ya kusa leƙo fuskar ruwa, ya shaƙi iska, nan take ɗagawar ta ɓace gaba ɗaya. Allon ya faɗo da hanci daga tsayin kusan mita ɗaya, ya tsaya cik, kai kuma ka ci gaba da tafiya. Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne, dabarar da ya saba da ita a tsohon allo, ta sassauta filafili idan iska ta yi yawa, a nan tana iya ƙara dagula lamarin. Filafili a cike yana danna jigonsa a kan gaban allo. Ka sake shi farat ɗaya, dannawar ta tafi, hancin ya ƙara miƙewa sama.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga wanda bai taɓa tashi ko sau ɗaya ba ya kwashi kuɗinsa ya sayo kayan 'yan tsere. Fiffiken gaba na iQFOiL murabba'in santimita 900 ne, filafilin da maza suka yi tsere da shi a Marseille murabba'in mita 9, na mata 8, allon kuma faɗinsa santimita 95. An yi su ne don matasa masu ƙarfi da ke kwana suna tashi a ruwa. Mai koyo, da mai fita ranar hutu don nishaɗi, abin da ya dace da shi babban fiffike ne mai kauri, tsakanin murabba'in santimita 1,200 zuwa 1,800 gwargwadon nauyin jikinsa. Irin wannan yana tashi tun gudu bai yi nisa ba, kuma ba ya yarda ya yi saurin da zai firgita mai shi. Sai ƙaramin filafili, wanda ya gaza wanda ya saba ɗauka a irin wannan iska da murabba'in mita ɗaya da rabi ko biyu. Makarantu da yawa suna farawa da gajeriyar ƙafa, don faɗuwa daga tsayin gwiwa ba ɗaya take da faɗuwa daga tsayin ƙugu ba. Doguwar tana da nata amfanin daga baya, tana ba ka sarari ka gyara kuskure kafin fiffike ya ɓullo, tana kuma tsallake 'yan raƙuman ruwa.

Allon ma akwai magana a kansa. Ana auna girmansa da lita, kuma kowace lita ɗaya tana ɗaukar kilo ɗaya a kan ruwa. Ka haɗa nauyinka da na allon da na filafili da na foyil, ka ƙara lita 30 ko 40 a kai, shi ne allon da za ka iya tsayawa a kansa ka janyo filafili ko da iska ta mutu murus. Ga yawancin manya wannan yana kamawa tsakanin lita 120 zuwa 150. Za mu dawo kan dalilin da ya sa wannan rarar take da muhimmanci. Kada kuma a ɗauki tsohon allo a cusa masa foyil don kawai ramin ya yi daidai. Ramin da ke ƙarƙashin tsofaffin alluna an yi shi ne don 'yar gajeriyar wutsiya mai kama da ta kifi. Ƙafar foyil kuwa kamar doguwar sandar ɓanɓare dutse take, duk nauyin mutum yana murɗa ta, kuma tana iya tumɓuke ramin da ba a ƙarfafa ba ta tafi ƙasan tafki da shi. Allunan foyil suna zuwa da rami mai zurfi da aka ƙarfafa, wanda ake kira Tuttle, ko kuma layuka biyu da ake ɗaure faranti a kansu.

Wanda ya koya mini haɗa kaya wani dattijo ne ɗan yankin, hannuwansa duk kanta, ba mai yawan magana ba. Ranar farko na ɗauka zai kai ni ruwa. Sai ya zaunar da ni a kan ciyawa, ya zazzage notuna takwas a cikin hularsa, ya ce in jera su daga gajere zuwa dogo. Da ido duk kamar ɗaya suke. Da na jera sai na ga wani ya fi wani da kaurin farce biyu ko uku. Ya ɗauki dogon ya sa a ramin gajeren, ya murɗa har ya ƙi gaba, ya miƙo mini makullin ya ce, "Abokina, taɓa ka ji. Ya ɗauru?" Na gwada, na ce ya ɗauru tamau. Sai ya kama bakin fiffiken da yatsa biyu ya girgiza, fiffiken ya yi ƙwas-ƙwas. Notin ya taɓo ƙasan rami ne ya tsaya, bai matse komai ba. Da haka aka shiga ruwa, motsin nan da ido ba ya gani zai yi ta cin zaren ramin har fiffiken ya rabu da kashin baya ana tsakiyar gudu.

Daga nan ya nuna mini yadda ake ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, a sake zagayowa, kamar yadda bakanike yake ɗaure tayar mota. Kafin kowane noti ya shiga, sai ya shafa masa wani farin maiƙo mai danƙo. Dalilinsa shi ne yawancin foyil masu sauƙin kuɗi ƙafarsu da kashin bayansu na alminiyom ne, fikafikan na kabon, notunan kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan waɗannan suka haɗu a cikin ruwa, musamman ruwan gishiri, sai su zama kamar batir: wata 'yar wuta marar ƙarfi tana gudana tsakaninsu, alminiyom ɗin yana cinyewa yana zama farin gari, har noti ya manne ya ƙi fita sai da injin huda. A Garda ruwan daɗi ne, abin yana da sauƙi. Wanda ke wasa a teku, a Tarifa ta Sifen ko Dahab ta Masar, dole ya ɗauraye kayansa da ruwan famfo bayan kowace fita, ya kuma riƙa warware notunan a kai a kai.

Haɗa filafili ba shi da bambanci sosai da na tsohon allo. Jigon gida biyu ne, ana zura shi cikin hannun rigar filafilin, sannan a bi da tafin hannu ta waje a tabbatar mahaɗar ba ta buɗe ba, don jigon da aka ja alhali bakinsa a buɗe yake karyewa yake yi. Tsawon jigo da na mariƙi, wato sandar da ake riƙe filafili da ita, suna rubuce a gindin kowane filafili, ba sai an yi ka-cici-ka-cici ba. A ja igiyar ƙasa har saman filafilin ya saki ya yi laushi, a ɗaura mariƙi tsakanin kafaɗa da haɓa, a ja igiyar baya. Wurin da dattijon yake daɗewa shi ne wasu abubuwa biyu da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na farko igiyar ƙasan nan, wadda kaurinta bai wuce milimita 4 ba amma ita ke riƙe da dukan filafilin. Yakan murza ta a daidai inda haƙoran maƙalli suke cizonta, in ya ga ta fara gashi ya yanke ya sa sabuwa. Na biyu gwiwar roba da ke haɗa jigo da allo. Yakan lanƙwasa ta hagu da dama yana duba tsaga a gindinta. Idan wannan gwiwa ta tsinke a tsakiyar tafki, filafili ya tsaya a hannunka, allo kuma iska ta tura shi gaba da saurin da ba kowane gwanin iyo ne zai cim masa ba.

Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗaura wa doki sirdi zai gane wannan natsuwa. Mahayin kirki ba ya sa ƙafa a likkafa sai ya zura yatsa ƙarƙashin majayi ya ji. Allon ma yana da nasa likkafun, madaurai masu laushi da ake zura ƙafa, kuma dattijon ya cire mini na baya gaba ɗaya, ya buɗe na gaba sosai. Ƙafar da ta shiga rabi ta maƙale ita ce take gocewa a idon sawu idan allo ya juya. Ɗamarar nan mai ƙugiya da ake rataya jiki da ita a mariƙi, ya ce in ɗaura amma kada in maƙala, sai na iya tashi da sauka da gangan. Gindin jigo kuma ya tura shi gaba kaɗan a layinsa, don nauyin filafili ya riƙa danne hanci. In an ja shi baya allon yana saurin tashi, amma yana zama kamar ɗan maraƙin da bai san igiya ba.

Foyil ne ƙarshen abin da ake ɗaura wa allo, kuma rigunan fikafikansa ba sa fita sai a bakin ruwa. Allo mai foyil da aka bari a kan ciyawa ƙafa a sama, iska tana iya kifar da shi kan yaron da ke wucewa. A shiga ruwa da shi a karkace, a yi ta tafiya har ruwa ya kawo ƙirji kafin a juya shi, domin abin da ke ƙarƙashinka yanzu ya kusa mita ɗaya, kuma dutsen da tsohon allo yake wucewa ta kansa lafiya lau, wannan zai ci karo da shi.

A kwana na huɗu na ji ciwo. Na tashi, na yi shawagin da bai fi na daƙiƙa goma ba, fiffike ya ɓullo, na faɗa gefe. Faɗuwar ba ta yi mini komai ba. Na taso ina haki, na kama gefen allo da hannu biyu, na shiga harba ƙafafu a ƙarƙashinsa yadda kowane mai iyo yake yi ba tare da tunani ba. Na ji ƙafata ta dama ta bugi wani abu, bugu marar zafi, kamar ka yi tuntuɓe da kujera. Sai da na hau allon na durƙusa na ga jini yana bin farin bayansa yana sirkuwa da ruwa. Bakin ƙaramin fiffiken baya ya tsaga mini bayan ƙafa, daga gindin babban yatsa zuwa kusa da idon sawu. Sanyin ruwan ya ɓoye zafin. Ɗinki biyar aka yi mini, kuma takalman robar da ya kamata su kasance a ƙafata suna cikin jaka a bakin gaɓa, na bar su don ina son in riƙa jin allo da tafin ƙafa.

Da na dawo bayan kwana goma, dattijon ya dubi ƙafar, bai yi mini faɗa ba. Ya ce abu biyu ne, in riƙe su. In ina cikin ruwa kusa da allo, in ɗauka akwai wuƙa a ƙarƙashinsa, in bar ƙafafuna su yi iyo a bayana, in hau da ƙarfin hannu. In kuma zan faɗi, kada in saki mariƙi ko da me. Wannan na biyun ya saɓa wa abin da jiki yake so, don mai faɗuwa hannu yake saki ya tare ƙasa. Amma muddin kana riƙe da mariƙi, filafilin zai ja ka gaba ko gefe, nesa da fikafikan. Wanda ya saki ya faɗa ta baya, ƙafafunsa suna tura allon ya kifa, foyil ɗin ya juyo sama ya tarye shi a daidai inda zai sauka.

Kayan kariya a wannan wasa ba su da yawa, kuma ban ga uzurin barin ko ɗaya ba. Hular kwano ta ruwa daban take da ta babur: marar nauyi ce, tana da ramukan da ruwa ke fita, kuma mai kyau tana rufe kunnuwa, saboda mutumin da ya mari ruwa da gefen kai yana cikin gudu dodon kunnensa yana iya fashewa. Ba fiffike kaɗai take karewa ba; jigon filafili ya fi komai yawan samun goshin mai koyo. Sai riga mai kumfa a ƙirji da haƙarƙari. A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware, domin riguna biyu ne masu kama da juna. Ɗaya an yi ta ne don rage zafin bugu kawai, ba lalle ta ɗaga mutum a ruwa yadda ake buƙata ba. Ɗayar tana ɗauke da lamba 50N a jikinta, ma'ana an gwada ƙarfin ɗagawarta. A duba wannan lamba kafin a biya kuɗi. A kuma sani cewa ko mai lambar taimako take yi wa wanda yake cikin hayyacinsa kuma ya iya iyo. Ba ta juya sumamme ta ɗaga fuskarsa sama. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum fita shi kaɗai.

Rigar roba mai dogon hannu da doguwar ƙafa tana aiki biyu, tana tare yanka tana tare sanyi. Baƙo daga ƙasar zafi yana raina wannan sanyi, don yana ganin rana tana haskawa, mutane suna shan askirim a bakin gaɓa. Amma Garda tafki ne mai zurfin mita 346, kogin Sarca kuma yana zubo masa ruwan duwatsu masu ƙanƙara a nan gefen Torbole. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Yatsu ne suke fara mutuwa, kuma da yatsu ake ɗaure igiya. Riga mai kaurin milimita 3 tana isa a tsakiyar lokacin zafi, a farkon shekara da ƙarshenta sai mai 5.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ba shi da jini ko kaɗan. Foyil yana tafiya da iskar da ba ta kai ta kawo ba, yana kuma haurawa gaba da iska fiye da duk allon da ka taɓa hawa. Kana cikin jin daɗin shirun nan, kana yin kilomita 25 cikin sa'a, minti goma kacal ka yi kilomita 4 daga inda ka bar takalmanka. Sai iskar ta ɗauke. Allon ya sauko ya zauna a ruwa, ga ka da ɗan ƙaramin filafili da ƙarfe mai nauyi yana ja a ƙasa. A nan ne rarar litocin nan take biyan kuɗinta: mai babban allo zai tsaya ya janyo filafili ya lallaɓa gida ko da awa biyu zai yi, mai ƙarami kuwa yana nutse har gwiwa.

Alkiblar iska ma sai an karanta ta tun daga tudu. A Torbole, Ora daga kudu take zuwa, saboda haka wanda igiyarsa ta tsinke da rana, ruwa zai turo shi gida. Peler kuwa daga bayanka take busowa, tana tura ka cikin tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 50, kuma a wannan yanki na arewa duwatsu ne suke gangarowa tsaye su faɗa ruwa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inda za ka dafa ka fita ba. A teku abin ya fi muni, don babu gaɓar tsallake. Iskar da ke fita daga tudu zuwa ruwa takan yaudari mutum: a bakin gaɓa ruwan lumui, iskar sanyi-sanyi, sai an yi nisa take nuna ƙarfinta. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, amma a nan fid da kan ba ya nufin ka kama iyo zuwa gaɓa. Gaɓa kullum ta fi yadda ido yake gani nisa. Masuncin Argungu ba ya rabuwa da gorarsa a tsakiyar kogi, haka mai allo. In ta kama a sadaukar da wani abu, a kwance filafili a bar shi, a kwanta a kan allo a yi tuƙi da hannu. Allo ba ya nutsewa, kuma mai neman ka daga jirgin ceto zai hango shi tun kafin ya hango kan mutum.

Cikin aljihun rigata yanzu akwai usur, da igiya mita biyu, da makullin noti, da waya a jakar da ruwa ba ya shiga. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agaji 112 ce. Alamar da duk masu jirgi suka sani ita ce mutum ya zauna a kan allo ya miƙe hannuwa gefe da gefe, yana ɗaga su yana saukewa a hankali. Kafin in shiga ruwa kuma sai na gaya wa wani inda na nufa da lokacin da zan fito.

Saura haƙƙin sauran mutane, wanda masu foyil suka fi kowa buƙatar a tuna musu. Tsohon allo yana sanar da zuwansa da ƙara. Wannan ba ya yi. Mai iyo da kansa kaɗai ke waje ba zai ji ka ba, kai ma filafili yana iya rufe maka shi. Kusa da gaɓa da wurin wanka ba a tashi sama, a bar allo a kan ruwa har a fita fili. Idan alluna biyu suka fuskanci juna, wanda hannunsa na dama ne a gaba kusa da jigo shi ke da hanya, ɗayan ya kauce. Wanda ya biyo daga baya zai wuce, shi ne zai ba da sarari. Jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Riva da Limone da Malcesine kuwa ba a jayayya da su. Tazarar da ka saba bari a da, ka ninka ta, don wanda ke gabanka yana iya faɗowa ya tsaya cik a kowane lokaci, kai kuma ba ka da birki.

Wajen ƙarfe shida Ora takan fara ja da baya. Inuwar duwatsun yamma ta rufe rabin tafkin, masu foyil ne kawai suka rage a ruwa, suna tsintar ragowar iskar da kowa ya bari. A ranar ƙarshe da na yi a can na fito a makare, hannuwana suna rawa don gajiya, na tarar da dattijon zaune a kan akwatin kayansa da foyil ɗina na haya a cinya. Ya naɗe 'yar samfefa mai laushi a kan guntun katako, yana bin bakin bayan ƙaramin fiffiken da ita a karkace, sau uku, sau huɗu, ya shafa da babban yatsa, ya sake bi. Ya ce kaifin nan ba ya ƙara wa irina gudu, kuma in an dakushe shi daidai har fiton da yake yi a ruwa yakan ragu. Ya miƙo mini in taɓa. Bakin ya yi santsi, ba ya kama fata. Ya zura wa fikafikan rigunansu, ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su cikin hula ya ƙirga, takwas.